Injin da Surukina Yake Hutarwa da Azahar

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar amarya kuma ina ƙarasa karatun masta a fannin fizik, na kusa asarar karatun gaba ɗaya saboda tausayin da surukina yake yi wa inji. Duk wanda ya san ni ya san ba na iya haɗiye magana. A gidanmu ni ce mai mayar wa kowa amsa, har mahaifiyata ta gaji ta bar ni da halina. To ku ɗauki wannan bakin nawa ku kai shi gidan surukai a Agadas, inda matar ɗa ba ta ɗaga ido ta kalli uban mijinta, balle ta ce masa ya yi ba daidai ba.

Bari in fara da aikin, don ku san abin da ya sa na kusa haukacewa. Akwai wasu sinadarai da in aka ɗumama gefe ɗaya aka bar ɗayan da sanyi, sai su fitar da kuran, wato wutar lantarki, ba tare da wani abu ya juya ko ya yi ƙara ba. Matsalar ita ce mafi yawansu abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba, masu kirkin kuma ko tsada ko guba. Masu bincike suna neman sababbi, amma ba a iya narka kowane haɗi a gwada shi da hannu, rayuwar mutum ba za ta isa ba. Shi ya sa ake ba ordinatar, wato kwamfuta, tsarin kowane haɗi ta yi ta lissafi, ta faɗi ko yana barin kuran ya wuce yana kuma tare zafi, wanda shi ne abin da ake so. Tankaɗe ne kawai, a ware tsaki, a miƙa wa masu ɗakin gwaji garin.

Malamina a Yamai ya ba ni nawa kason, ya ce in je in tankaɗe. Ƙananan haɗe-haɗen ba su da wahala, 'yan awowi ordinatar ta gama da su. Manyan, masu ƙwayoyin zarra da yawa, su ne ake sa rai da su, kuma kowannensu yana cin fiye da yini da kwana ba tsayawa. Shirin lissafin da aka sa mini a ordinatar ba ya ajiye komai sai ya kai ƙarshen haɗi. In aka katse shi a hanya, ko da saura ƙiris, an koma farko. Malamin ya gaya mini ƙarara cewa in ban kawo sakamako kafin a rufe zango ba, sunana ba zai shiga cikin masu sutanas ba, wato masu kare aikinsu gaban malamai. An riga an yi mini alfarmar ƙarin shekara saboda biki, ba za a sake ba. Ga shi ina da juna biyu, na san in wannan ta wuce ni, ta wuce ke nan.

Mijina makanike ne, a lokacin yana can wajen Jado yana gyaran motocin masu neman zinariya, ni kuma ina gidansu. Bazara ce, kuran ɗin gari yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Batirin ordinatata kuwa ya daɗe da mutuwa, da an zare waya take ɗaukewa. A duk gidan wuri ɗaya ne wuta ba ta yankewa: ɗakin surukina da ke kusa da zaure, inda 'ya'yansa suka sa masa fano na hasken rana da babban batir.

Uwar mijina ce ta kai masa roƙona. Ya amsa da murna, ya sa aka share tebur, ya kwashe rediyonsa da kayan shayinsa, har ya shimfiɗa wa ordinatar sabon ƙyalle. Tsohon direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, ya yi shekaru yana ratsa hamada da kaya kafin bayansa ya hana shi. Mutum ne mai tsafta da tsari, irin wanda ba ya iya wuce famfo yana ɗiga. Na ji daɗi ƙwarai, na ce na samu wurin da ya fi ofis. Ba na shiga ɗakin sai ya tafi masallaci, don haka na tsara abina: da la'asar in leƙa in ga inda aka kwana, in sa sabon aiki, in fito kafin ya dawo.

Da farko komai ya tafi daidai, ƙananan suna ta ƙarewa cikin dare da safiya. Ko da na tarar da ita a kashe ban damu ba, tunda aikin ya riga ya ƙare. Da na kai ga manyan ne abin ya fara. In sa aiki da la'asar, washegari da la'asar in tarar allo baƙi, waya a jone, wuta kuma tana nan lafiya lau. In kunna, in ga ba abin da aka ajiye. In sake sawa, gobe ma haka.

Na zargi kowa da komai. Na zargi batirin fano, na zargi waya, na zargi zafi, na zargi wanda ya sayar mini da ordinatar tun ina shekarar farko a jami'a. Na ɗauke ta cikin rana na kai wa mai gyara a kasuwa, ya buɗe, ya hura, ya shafa, ya ce lafiyarta lau, wataƙila ni ce ban iya ba. Na rubuta wa malamina cewa shirinsa yana da matsala. Ya amsa da cewa shirin yana aiki wajen kowa sai wajena, ya kuma tuna mini da ranar rufe zango kamar na manta.

Wata rana da yamma ina tsakar gida ina tsince shinkafa, fuskata a ɗaure, sai uwar mijina ta zauna kusa da ni. Mace ce mai sanyin hali, duk maganar da ta bi ta bakinta sai ta fito da laushi. Ta dube ni ta ce, “Ke kam kin yi sa'ar suruki. Kin ga yadda Alhaji ke kula da injin nan naki?”

Na ce, “Na gani, Inna. Allah ya saka mishi.”

Ta ce, “Kullum da an kira azahar sai ya taɓa shi. In ya ji ya ɗau zafi sai ya zare mishi waya ya huta, ya lulluɓe shi. In rana ta yi sanyi, kafin ya tafi la'asar, ya yaye lulluɓin, ya maida wayar yadda kika bar ta. Ya ce ke yarinya ce, ba ki san inji na da rai ba.”

Wallahi ban san lokacin da tiren shinkafar ya karkace ba. Makonni ina zagin na'ura, ina rashin barci, ina neman faɗa da malamina, ashe kullum akwai hannu mai tsafta da ke zuwa ya kashe mini aiki ya kuma gyara wurin. Da a gidanmu ne, da unguwa ta ji muryata. A nan kuwa na sunkuyar da kai na ce, “Inna, don Allah ki ce mishi ya daina. In an kashe ta aikin yana lalacewa gaba ɗaya.”

Ta ce to. Da safe ta kawo mini amsa tana murmushi. “Na faɗa mishi. Ya ce kada ki ji nauyi, ba wata wahala ba ce, shi ba ya gajiya.”

Na ce, “Inna, mi kika ce mishi?”

“Na ce kin gode, kin ce kada ya riƙa wahal da kanshi.”

Na sake yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta faɗa yadda na faɗa. Ta zaro ido ta ce, “In ce wa Alhaji yana ɓata miki aiki? Mutumin da ya kwashe rediyonshi saboda ke?” Ta dai yi alkawari za ta gwada. Saƙon da ya isa gare shi a karo na biyu shi ne wai ina tsoron kada kuran ya ja shi. Ya aiko da cewa ya taɓa wayoyin da suka fi wannan tun ba a haife ni ba.

Na nemi mijina. Samun sa a waya ma aiki ne, sai ya hau wani tudu inda rezo, wato layin waya, yake kamawa. Da na same shi na sauke masa duk abin da na tara. Ya fashe da dariya, abin da har yau ban gama yafe masa ba. Ya ce, “Yanzu ni kike so in koya wa Baba inji? Shi ya fara ba ni sufana a hannu.” Na ce ko ya kira shi ko in tattara in tafi gidanmu. Ya kira. Ban ji abin da ya faɗa ba, amma na ji amsar daga zaure, don surukina ba ya magana a waya sai da ƙarfi. “Kai ne ka ƙone mini injin mota a hanyar Zinder don ba ka tsaya ta sha iska ba. Kai za ka faɗa mini? Ka bar ɗiyar mutane da kayanta, ina lura da su.”

Daga nan na koma dabara. Na naɗe kan wayar da soket ɗin da salatif, na yi masa ɗauri mai kyau, ina ganin ko waye ya ga haka zai gane ba a so a taɓa. Washegari na tarar an warware salatif ɗin, an kwance soket ɗin an ɗaure shi da sabon sukuru, an goge. Ya ɗauka soket ɗin ne yake kwance, ya gyara mini. Ordinatar kuma tana kashe kamar kullum.

Na yi tunanin ɗauke ta in kai gidan wata ƙawata. Da na furta, uwar mijina ta kama haɓa ta ce me mutane za su ce, an fitar da kaya daga ɗakin Alhaji kamar ba a yarda da shi ba. Na kira mahaifiyata ina neman mai goya mini baya. Ta ce, “Na san bakinki. Kada ki kuskura ki buɗe shi gaban surukinki, ki ja mini abin faɗa. Karatu ai ba ya ƙarewa.” Kowa yana ƙaunata, kowa yana lallashina, lokaci kuma yana ta tafiya. Ban taɓa jin haushin mutanen kirki kamar a wannan bazarar ba.

Ranar da malamina ya aiko da saƙo na ƙarshe, gajere, ba ko gaisuwa, na san ba sauran wanda zan aika. Na jira har aka fara kiran azahar. Na yafa mayafi, na bi ta tsakar gida, uwar mijina tana kirana ƙasa-ƙasa ban juya ba. Na durƙusa a bakin ƙofarsa na yi sallama. Yana tsaye a gaban tebur, tafin hannunsa ɗaya a kan ordinatar kamar mai duba zazzaɓin yaro, ɗayan ya riga ya kama waya.

Ya juyo da mamaki, don tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa. Ya ce, “Lafiya, ɗiyata?”

Na ce, “Baba, don Allah kada a zare.”

Ya ce, “Taɓa ki ji. Wannan ai wuta ce. Ba injin da ake bari yana aiki tsakar rana. Ko kamyo, in rana ta take, sai a nemi wuri a kashe shi, a ɗaga mishi baki ya sha iska. Wanda bai yi haka ba a hanya yake kwana.”

Ban shirya abin da zan ce ba. Duk bayanin da na tanada na lissafi da ƙwayoyi ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, “Ko a tsakiyar tudun rairayi, Baba? Ana cikin hawa?”

Ya saki wayar. Ya ce, “A'a. Nan kam ba a ɗaga ƙafa. In ka tsaya ka nutse, sai ka koma ƙasa ka sake ɗauko gudu.”

Na ce, “To haka take. Kowane aiki tudu ne, yana cin ta fiye da yini da kwana. Kullum tana cikin hawa ake kashe ta, sai ta koma ƙasa. Tun da na fara manyan ko ɗaya ba ta haye ba.”

Ya dubi ordinatar, ya dubi wayar. Ni kuma kaina yana ƙasa, ina kallon tabarma, ina jiran abin da zai biyo baya. Can ya ce, “Tun yaushe?” Na faɗa masa. Ya ce, “Kuma ba wanda ya gaya mini?” Nan kam na ciji leɓe, don amsar da ta zo bakina ba ta gidan surukai ba ce. Ya leƙa tsakar gida ya ƙwala wa matarsa kira, ya ce, “Ke kika ce mini godiya take yi!” Ta ce, “To ai tana godiyar.”

Kada ku ɗauka daga nan na huta. Mutumin da ya yi makonni yana kashe mini aiki ya koma mai gadinsa, kuma gadin ya fi kashewar hayaniya. Ya sa aka ɗora ordinatar a kan tubala biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Ya ba ta fankarsa, shi ya zauna yana zufa da mafici. Ya hana kowa cajin waya a ɗakin, har abokansa na shayi, ya mayar da zaman nasu waje. Da rana ba ya runtsawa. Kunyar da ke tsakaninmu kuma ya yi watsi da ita, da ya hango ni sai ya ɗaga murya, “Ɗiyata, ta haye?” In na ce ba ta haye ba tukuna, sai ya ce ai ya ji muryarta ta canza, in zo in duba. Haka zan baro girki in je in ga ba abin da ya canza.

Amma lokacin da ya tafi ya tafi. Cikin manyan haɗe-haɗen kaɗan ne suka samu ƙarewa kafin ranar. Ɗaya daga ciki ya nuna alamar kirki, ba abin a buga ganga ba, amma ya isa a rubuta. Na haɗa abin da na samu na aika. Malamina ya yi ƙorafi, ya ce aikin ya yanke a daidai inda ya fara daɗi, amma ya sa sunana.

Da ranar sutanas ta matso, surukina ya ce da shi za a je. Aka yi ta ba shi baki saboda bayansa da nisan hanya, ya ce shi da ya yi rayuwarsa a kan taya ba za a tsorata shi da kujerar bas ba. Ya zauna a layin baya na ɗakin da babbar rigarsa da rawaninsa, ni ina gaba da cikina ina bayani da Faransanci. Da aka zo tambayoyi, ɗaya daga cikin malaman ya buɗe shafin sakamako ya ce me ya sa na tsaya a nan, alhali mafi muhimmancin haɗe-haɗen suna cikin waɗanda ban taɓa ba. Na ce, “Les coupures, Monsieur.” Wato yankewar wuta. Duk ɗakin aka gyaɗa kai, don ba wanda bai san wannan ba. Aka ba ni sakamako, na ci, amma ba da darajar da na sa rai ba.

A waje ana ta hotuna da rungume-rungume, shi yana gefe a tsaye. Da mutane suka ragu ya matso. Na durƙusa in gaishe shi, ya ce in tashi. Ashe shekarun da ya yi yana mu'amala da jami'an hanya sun bar masa Faransanci fiye da yadda muke zato. Ya ce, “Na ji abin da suka tambaye ki, na kuma ji abin da kika ce. Ba kuran ba ne, ɗiyata. Ni ne.” Na ce, “Baba, ya wuce.” Ya ce, “Bai wuce ba. In kina so in shiga in faɗa musu, yanzu zan shiga.” Kuma da gaske yake, har ya juya ya nufi ƙofa. Sai da ni da malamina muka tare shi.

Yanzu ina koyarwa, ɗalibaina suna yin irin wannan lissafin a kan manyan injuna na nesa, ba ruwansu da soket ɗin kowa. Surukina ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Mutane in na ba su labarin suna so in ce haushin ya tafi, ya zama abin dariya. Ina dariyar, amma bai tafi duka ba. Haɗe-haɗen da ban kai gare su ba an ba wani ɗalibi, ban taɓa tambayar abin da ya samu ba, don ba na son in sani. Kuma ba haushin surukina nake ji ba. Abin da yake ci mini rai shi ne maganar da ta warware komai ba ta fi numfashi biyu ba, amma gida guda na mutane masu hankali, har da ni, muka yi makonni muna zagaye ta don kada a ɓata wa dattijo rai. Shi kuwa da aka faɗa masa, abin da ya ɓata masa rai shi ne ba a faɗa masa da wuri ba.

Har ya bar duniya bai yarda an ce kuran ne ba. Duk baƙon da ya ga hoton sutanas ɗina a bangon ɗakinsa ya yaba, sai ya ce, “Da ta fi haka. Ni na rage mata.”